Tsutsar ciki, sammore da zankon zakara: yadda parazit ke shiga harkar barbara da haihuwa

Kaza ba kowane zakara take yarda da shi ba, duk mai kaji a gida ya san wannan. Za ka ga zakaru biyu a tsakar gida ɗaya, ɗaya da ya sauke fiffike ya zagaya ta sai ta tsuguna, ɗayan kuwa sai ya bi ta da gudu har bayan rumbu kuma ya dawo hannu banza. To me take dubawa? Masana sun daɗe suna wanga tambaya, kuma amsar da ta fi kama hankalina ita ce wadda ta kai mu cikin hanjin zakaran, wajen tsutsa. Ina nufin parazit gaba ɗaya, wato duk wata halitta da ke zaune a jikin wata tana ci daga gare ta, tsutsar ciki ce ko kaska ko ƙwarƙwata ko ƙananan ƙwayoyin da ke yawo cikin jini irin na sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa bisashe. Mu nan Tawa da rabin arzikinmu ke tafiya da ƙafa huɗu, wallahi maganar ta shafe mu fiye da waɗanda suka yi binciken.

Tun 1871 Darwin ya rubuta cewa adon da namiji ke ɗauke da shi, jelar ɗawisu, zankon zakara, kukan tsuntsu, zaɓen mata ne ya raya shi, amma bai warware dalilin da zai sa mace ta damu da ado ba tunda ado ba ya ciyar da ƴan tsaki. Sai a 1982 wasu masana biyu, William Hamilton da Marlene Zuk, suka kawo bayani. Suka ce ado abu ne mai tsada, jiki ba ya iya yin sa sai da rarar jini da rarar abinci, namijin da tsutsa ta cinye ba ya da wagga rara, saboda haka macen da ta zaɓi mai sheƙi ta zaɓi wanda jikinsa ya iya da cuta kenan, kuma ɗiyanta za su gaji wannan ƙarfin. Sun duba nau'in tsuntsaye 109 na Amurka ta Arewa suka ga waɗanda parazit ɗin cikin jini suka fi addaba su ne mazansu suka fi ado da iya kuka.

Zuk ba ta tsaya nan ba, ta koma kan kajin daji na Asiya waɗanda su ne asalin kajinmu na gida. Ta raba ƴan tsaki kashi biyu, kashi ɗaya aka ba su ƙwan wata tsutsar hanji mai suna Ascaridia galli, ita ce farar tsutsar nan doguwa da mata kan tarar in suna gyaran hanjin kazar gida, kashi ɗaya aka bar su lafiya. Da suka girma sai aka ga girman ƙashi bai bambanta sosai ba, inda tsutsar ta ci su shi ne ado: zanko ya gajarta ya koɗe, jan ido ya dusashe, gashin wuya ya yi fari-fari. Da aka kawo kaji mata aka ba su zaɓi sai suka fi tafiya wajen marasa tsutsa, kuma zanko ne suka fi bi. Ka duba hikimar Ubangiji a nan, zanko tsoka ce mai cike da jini, yana canjawa cikin ƴan kwanaki, gashi kuwa sai an yi saɓa yake sakewa, wato kazar ta kama wurin da ya fi ba da labarin yau ba na bara ba.

A 1990 an yi irin wannan da wani ɗan ƙaramin kifi a Suwizalan, Manfred Milinski da Theo Bakker suka yi shi. Namijin kifin yana yin ja a wuya lokacin neman mace, in wata ƙwayar cuta mai sa fararen ɗigo a fata ta kama shi sai jan ya ragu, matan kuma su guje shi. Don su tabbatar jan ne ake dubawa sai suka kunna koriyar fitila wadda ke ɓoye ja, nan take matan suka rikice, suka dinga zaɓen mai cuta da mai lafiya ba bambanci. Wanga gwajin na fitila ku riƙe shi, zan dawo kansa in mun zo kasuwar bisashe.

Me zai hana raggon namiji ya yi ƙarya, ya fito da ado alhali cikinsa ya ruɓe? A 1992 Ivar Folstad da Andrew Karter suka ce sinadarin maza, testosteron, shi ke gina zanko da ƙaho da wuyan bijimi da zafin nema, kuma shi ɗin dai yana iya danne garkuwar jiki, saboda haka wanda duk ya zuba shi da yawa ya buɗe wa cuta ƙofa, sai mai ƙarfin gaske ke iya ɗaukar duka biyun. An yi ta gwada wannan a dabbobi iri-iri, a wasu ya fito fili a wasu kuma bai fito ba, haka ma lissafin Hamilton da Zuk na kwatanta nau'i da nau'i, wasu da suka sake shi da wasu tsuntsaye ba su samu abu mai ƙarfi ba. Amma abu ɗaya ya tsaya, a dabbobi masu shayarwa maza sun fi mata ɗaukar parazit akasari, musamman inda maza ke faɗa a kan mata. Akwai wasu tumakin daji a tsibirin St Kilda na Sikotilan da ake bibiyarsu tun 1985, in shekarar yunwa ta zo tsutsar ciki ta haɗu da sanyi raguna ne ke fara zubewa, waɗanda aka dandaƙe tun suna ƙanana kuwa sun fi sauran tsawon rai nesa ba kusa ba. Makiyayi ba zai yi mamaki ba, ya san yadda rago ke zubar da nama lokacin da yake bin tumaki, ko ci ba ya tsayawa yi.

Wani lokacin kuma adon da kansa shi ke kiran ajali. A tsibirin Kauai na Hawayi akwai wani gyare da namijinsa ke goga fukafukai da dare yana kiran mace, sai ga wani ƙuda mai suna Ormia ochracea wanda macensa ke da kunne mai jin wannan kukan daidai, ta bi sautin ta zuba tsutsotsinta a kan gyaren, su huda su shiga su cinye shi daga ciki, kamar mako ɗaya su fito ya mutu. Zuk ɗin nan dai ita ke zuwa wurin tun farkon shekarun 1990, gyare na ta raguwa, sai a 2003 ta tarar da gyare ko'ina amma dare shiru. Ashe wani canji ya auku a gadon halittarsu, fukafukan maza sun zama sumul ba sa ƙara, kuma cikin ƙasa da zuriya 20 sama da kashi 90 cikin 100 na mazan sun zama bebaye. Yaya suke samun mata? Sai su lallaɓa kusa da ƴan kaɗan ɗin da suka rage masu kuka, macen da ta taho neman mai murya su tare ta a hanya. Ƙuda ɗaya ya canja yadda wata halitta ke neman aure cikin ƴan shekaru, a gaban idon mutane.

Sannan akwai parazit ɗin da ba ruwansu da ado, haihuwar ce kanta suke ƙwacewa. Dalilin a fili yake, in ka ci zuciya ko hanta mai gidanka zai mutu kai ma ka mutu, amma in ka ci kayan haihuwa yana nan da ransa yana kiwo, duk abincin da zai tafi wajen ƙwai ya dawo gare ka. A teku akwai wata halitta Sacculina da ke shiga jikin ƙaguwa ta yi saiwoyi ko'ina, ta kashe mata haihuwa, ta fito da jakar ƙwanta daidai wurin da ƙaguwar ke ɗaukar nata ƙwan, ƙaguwa ta yi ta wankewa tana karewa tana zaton nata ne. In namiji ta shiga sai cikinsa ya yi faɗi irin na mace, shi ma ya kama reno. Kuma ba sai mun je teku ba, tsutsar tsargiya mai sa yaranmu fitsarin jini sai ta bi ta jikin ƙananan dodon koɗi na tabkuna da wuraren noman rani kafin ta kama mutum, kuma a cikin dodon koɗin abin da take yi kenan, ta rage masa ƙwai ko ta tsayar da shi gaba ɗaya, ta mai da jikinsa wurin hayayyafarta. An ma gano wani nau'in dodon koɗin da in ya ji an shige shi sai ya yi sauri ya zuba ƙwai da yawa kafin ƙofa ta rufe.

Wadda ta fi ba ni mamaki duka ita ce Wolbachia, wata ƙwayar bakteriya da aka fara gani cikin sauro a 1924, yanzu kuma ana ƙiyasin tana cikin kusan rabin nau'o'in ƙwari na duniya. Ita ta cikin ƙwan uwa kawai take wucewa zuwa ɗiya, maniyyi ba ya ɗaukar ta, saboda haka namiji a wajenta hanya ce da ba ta ɓullewa. To sai ta ɗauki mataki: a wasu ƙwari tana kashe maza tun suna cikin ƙwai, a wasu ta mai da namiji mace, a wasu ta sa mace ta haihu ba tare da ta sadu da namiji ba, a wasu kuma in namiji mai ɗauke da ita ya sadu da macen da ba ta da ita ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa. A Yuganda akwai wani malam-buɗe-littafi da ake kira Acraea encedon, a wasu wurare sama da kashi 90 cikin 100 na matan suna ɗauke da ita, maza suka yi ƙaranci har al'ada ta juye, mata ne ke taruwa a kan tudu suna jiran namiji, da yawa kuma su mutu ba su samu ba. A tsibiran Samowa wani nau'in kuma a 2001 namiji ɗaya ne cikin ɗari, zuwa 2006 sun dawo kusan rabi da rabi saboda wani gadon kariya ya bayyana ya bazu.

Kada wani ya ce wannan labarin tsibirai ne. Tsutsar da ke kawo makantar kogi, wadda ta kori mutane daga ƙasa mai albarka a bakin ruwa shekaru da dama, ita ma da Wolbachia a cikinta, kuma ba ta iya haihuwa sai da ita, shi ya sa in aka ba mara lafiya maganin doksisiklin na makonni huɗu zuwa shida bakteriyar ta mutu sai tsutsar ta zama juya. Ibamektin ɗin da aka yi ta rabawa shi ma ban da kashe ƙananan tsutsotsi yana hana uwar sakin sababbi na watanni. Da feshin ƙudan da ke yaɗa ta da rabon magani, a watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta kawar da wagga cuta, ƙasa ta farko a Afirka. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai in ji daɗi har cikin raina.

Yanzu mu shigo garke. Ƙarshen damana, ka kama tunkiya ka ja fatar idonta ta ƙasa da babban yatsa, a mai lafiya ja ce jawur, a wata kuwa sai ka ga ta yi fari fat, ƙarƙashin haɓa ya kumbura da ruwa, gashi ya tashi. Yawanci aikin wata ƴar siririyar tsutsa ce ta cikin tumbi, Haemonchus, kowace ɗaya tana zubar da jini kaɗan ne, kamar kashi 5 cikin 100 na mililita a rana, amma in sun kai dubu ka ga mililita 50 kenan kullum, macensu kuma tana zuba ƙwai dubu 5 zuwa dubu 10 a yini. Tunkiyar da ke wannan hali jikinta ya san ba lokacin ciki ba ne, sai ta jinkirta neman rago, in ta ɗauka ta haifi ɗan da ba ya iya tsayuwa, nono kuma babu. Wani abin kuma, dab da haihuwa da farkon shayarwa garkuwar uwar tana sauka, tsutsotsin da suka yi likimo a bangon tumbi duk tsawon rani sai su farka su yi ta zuba ƙwai, daidai lokacin da ɗan rago zai fara tsinkar ciyawa a wurin. Haihuwar uwar ita tsutsar ke jira.

Sammore shi ma haka, garkunan da ke gangarawa kudu cin rani wajen Gaya da ƙetaren iyaka suna dawowa da shi, saniya ta yi ɓari ko ta daɗe ba ta nemi sa ba, bijimi kuma zazzaɓin da ƙwayar suna lalata masa maniyyi, kuma abin da mutane ba su cika lura ba shi ne ko an yi masa allura ya miƙe, sabon maniyyi yana ɗaukar kusan wata biyu a bijimi, kusan mako bakwai a rago, kafin ya nuna. Sai mai garke ya ga bijimi na hawa lafiya lau amma shanu na ta dawowa ba su ɗauki ciki ba, ya ɗora laifin a kan shanun. A raƙuma ɗan uwan sammoren ne, wanda ƙudaje masu cizo ke ɗauka daga wannan zuwa wancan a bakin tabki, kuma ku yi lissafi, taguwa wata 13 take ɗauke da ciki, haihuwa kusan sai bayan shekara biyu, ɓari ɗaya a wajen mutumin Abalak ko Cintabaraden ba ƙaramar asara ba ce. A dawaki da jakuna ma akwai wani nau'in da ba ya bukatar ƙuda sam, ta barbara yake wucewa. Ga kuma Toxoplasma da ke fitowa daga kashin kyanwa, kyanwa ta yi kashi a ɗakin dusa ko kan harawa, tunkiya ko akuya mai cikin da ba ta taɓa gamuwa da ita ba ta ci sai ɓari, kuma ina roƙon mata masu juna biyu don Allah ku bar taɓa ɗan ɓari da mahaifar bisa da hannu, haɗarin har da ku.

To a nan ne nake da magana da mu kanmu. A daji mace ce ke tantancewa, a garke mu muka karɓe wannan aikin, kuma ina ganin muna yin sa cikin koriyar fitilar nan. Ka je kasuwar Badagishiri gabanin sallar layya ka ga raguna, balami fari tas an wanke shi da sabulu, an sha bolis an sha allurar ibamektin, wata da watanni yana ɗaure a inuwa yana cin dusa da ƙuli da harawar wake, wuya kamar ya fashe. Don layya madalla, ba abin da ya fi. Amma mutum ya saye shi don iri, me ya sani game da jikinsa? Magani da turke sun rufe duk abin da tsutsa za ta tona. Mafi ciwo kuma, ragon da ya fi kowanne a garke shi ake fara ɗaurewa a turke don shi ke kawo kuɗɗi, a bar ƙanƙanin da ba mai saye yana hawan tumaki, shekara bayan shekara muna sayar da gadon ƙarfi muna ajiye na rauni, sannan mu ce tumakin yanzu ba su da ƙwari irin na da. Alhali juriyar tsutsa ana gadon ta, an tabbatar da haka a tumaki, kamar yadda shanun Ndama na yankin Gine suka gaji jure sammore.

Akwai kuma maganar jini ɗaya. A tabkunan Niyuzilan akwai wani ɗan dodon koɗi da wasu matansa ke haihuwa ba namiji, ɗiyan su fito sak uwarsu, wasu kuma sai da namiji. Curt Lively ya nuna tun 1987 cewa inda tsutsa mai kashe haihuwa ta yi yawa masu barbara ne suka fi yawa, saboda parazit kamar ɓarawo ne da ya saba da kwado iri ɗaya, in duk ƙofofin gari kwadonsu ɗaya ne ya gama da garin, barbara kuwa tana canja kwado a kowace haihuwa. Garken da bunsuru ɗaya ke hawan uwa da ɗiya da jika shekara da shekaru yana matsawa ne zuwa ga kwado ɗaya, shi ya sa musanyar rago ko bunsuru tsakanin maƙwabta da aron bijimi da iyayenmu ke yi abu ne mai tushe, bai kamata ya mutu ba.

Ba cewa nake a bar magani ba, subhanallah, bisa na wahala ka bar ta ai zalunci ne. Abin da likitocin dabbobi na Afirka ta Kudu suka fito da shi, tsarin da ake kira FAMACHA, shi ne a duba launin idon kowace bisa a ba wadda ta koɗe, a bar wadda idonta ke ja, domin a kowane garke ƴan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsar, kuma ɗura wa kowa magani kullum, balle rabin bolis ko na tebur da ya sha rana, shi ke koya wa tsutsa jure maganin. In ka yi haka damana ɗaya zuwa biyu za ka san garkenka, ka san tunkiyar da kullum sai an ɗaga ta, ka san ɗan ragon da ya ci ciyawa ɗaya da sauran ya sha ruwan tabki ɗaya amma ya fito watan Oktoba idonsa ja, bayansa ba zawo, gashinsa kwance. Wannan shi za ka ɗaura wa alama a wuya tun kafin dillalai su gan shi, in layya ta matso ka nemi wani ka sa a turke, shi kuma ka bar shi cikin tumaki shekara biyu sannan ka yi musanya da wani daga garken da ba ku haɗa jini ba.